Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Tailan kan batun komawa Korat

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Baba Alhaji shugabanmu, da mataimakinka, da sakatare da ma'aji da sauran dattawan kwamiti, da Malam limaminmu, ina gaishe ku da ɗawainiya, ya jama'a, ya haƙuri da mu. Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Ni 'yarku ce, ɗaya daga cikin matan da ke harkar kaya a Pratunam, kasuwar tufafi ta Bankok, kuma ba da bakina kaɗai nake magana ba. Ina magana da yawun matan da muka shiga motar nan zuwa Korat, birnin da ke arewa maso gabashin Tailan, a fitar da ta gabata, da ƙannenmu ɗalibai da ke karatu a can garin waɗanda kunya ta hana su buɗe baki a gabanku, da kuma matan 'yan'uwanmu 'yan ƙasar nan da aure ya haɗa mu da su muka zama dangi. Mun zauna mun tattauna, suka ce Hajiya ke ce mai rubutu, rubuta. Babu wanda ya manta da alherinku, wallahi, ku ne ke tashi tsakar dare in an kama wani, ku ne ke haɗa kuɗin asibiti, ku ne ke tsayawa a kan gawa har a rufe ta ko a mai da ta gida. Don haka dan Allah kar a ɗauki wannan a matsayin raini, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sanarwar da sakatare ya fitar cewa kwamiti ya yanke za a sake komawa Korat, wannan karon ma a lokacin bikin tunawa da Ya Mo, jarumar garin mai mutum-mutumi a dandalinsa, da ake yi daga 23 ga Maris zuwa 3 ga Afrilu, kowa ya fara kawo gudummawarsa, tsari irin na wancan karon. Iyakar sanarwar kenan. Babu kalma ko ɗaya kan abin da ya faru a wancan zuwan, kamar ma ba a yi ba. To mu da muka gani da idonmu hankalinmu bai kwanta ba, don abin da ya faru a ranar da dandalin ba cika sosai, in aka maimaita shi ranar biki da jihar gaba ɗaya ta hallara, ba zai ƙare da ban haƙuri ba.

Kukanmu na farko, kuma shi ne uwar sauran: an kwashi mutane mota guda an yi tafiyar kusan kilomita 260 daga Bankok, ba a samu mutum ɗaya da ya miƙe a cikin bas ya ce jama'a ga inda za mu, ga wadda za mu gani, ga abin da take nufi ga masu garin ba. Duk abin da aka ce shi ne akwai wani mutum-mutumi mai kyau na hoto. Haba Baba Alhaji. Awa kusan huɗu muna kan titin Mittraphap ana cin gyaɗa ana musun ƙwallo, minti goma ya isa a faɗa mana abin da sai bayan an gama ɓarna wani ɗalibi ya zaunar da mu a gindin bishiya ya faɗa mana.

Matar nan ba ƙirƙirarriya ba ce, mutum ce da ta rayu. Sunanta Mo, an haife ta a 1771, matar mataimakin gwamnan Nakhon Ratchasima ce, wato garin da kowa ke ce wa Korat. A yaƙin da ya faro a 1826 Sarki Anouvong na Biyantiyan, can ƙasar Lawos, ya yi wa Bankok tawaye ya shigo da runduna ya kama Korat a lokacin da gwamnan baya gari, aka tasa mutanen garin a gaba, mata da yara da tsofaffi, za a kai su Lawos. Abin da mutanen Korat ke ba 'ya'yansu labari shi ne ita ce ta riƙa lallaɓa sojojin ana jan ƙafa a hanya, ta roƙi a ba su wuƙaƙe da gatura wai don girki da saran itace, da su aka fere sanduna a ɓoye, da aka yada zango a wani fili da ake kira Thung Samrit a yankin Phimai sai mata suka shagaltar da masu gadi da abin sha, cikin dare kamammu suka far musu suka ƙwaci kansu. Sarki Rama na Uku na Bankok ya ba ta sarautar Thao Suranari. Ta rasu a 1852. Mutanen garin ba sa ma kiran sarautar, Ya Mo suke cewa, Kaka Mo, kuma suna kiran kansu jikokinta, za ka ga hotonta manne a gilashin mota da gaban shago da wuyan direbobi, hatta babbar jami'ar fasahar da wasu ƙannenmu ke karatu a can sunanta ta ci.

Shi kansa mutum-mutumin an kafa shi a 1934, na tagulla ne da aka baƙanta, tsayinsa bai kai mita biyu ba amma an ɗora shi kan dakali mai tsawo, tana tsaye da takobi a hannun dama, a bayanta ga Ƙofar Chumphon, tsohuwar ƙofar yamma ta ganuwar garin tun zamanin Sarki Narai. Ga abin da ya fi komai muhimmanci wanda ba wanda ya faɗa mana: tokar gawarta tana cikin gindin dakalin. Ma'ana a wurinsu kabarin kakarsu ne. Mu kuma aka sauke mu a wurin kamar an kai mu gidan kallo.

Abin da ya biyo baya kuwa kowa ya san shi ko da ba a so a faɗa. Takalman mutane jere a ƙasan matakala, kowa ya tuɓe kafin ya hau, amma samarinmu suka haye da kambas ɗinsu. Wani ya kafa waya ya juya wa mutum-mutumin baya yana rawar TikTok, abokansa na tafi suna shewa, a gefensa kuma wata tsohuwa ce durƙushe da turare a hannu, idonta a rufe, leɓenta na motsi. Wani ya miƙa hannu ya zari sarƙar furanni ruwan ɗorawa daga cikin waɗanda mutane suka ajiye, ya rataya a wuya yana kwaikwayon tsayuwar Ya Mo da lema a maimakon takobi. Na ga fuskar mai sayar da furanni a lokacin, ba ta ce uffan ba, murmushin da ta tarbe mu da shi ne kawai ya ɗauke, ta juya ta kira wani mai kaki. Kun san halin mutanen ƙasar nan, ba sa ɗaga murya, shirunsu ne faɗansu, kuma duk wanda ya daɗe a nan ya san in suka yi irin wannan shirun an kai maƙura. Wani dattijo daga cikinmu kuma, Allah ya ba shi haƙuri ba zan kama suna ba, ya tsaya a tsakiyar dandali yana nuna wurin da ƙafa yana tofar da yawu yana faɗin gumaka ne, tsafi ne. Hausa ya yi, gaskiya, amma tofar da yawu ba ta buƙatar tafinta, kuma nuna abu da ƙafa a ƙasar nan zagi ne babba ko da mutum ka nuna balle abin da suke girmamawa.

Wa ya kashe wutar? Matar ɗan'uwanmu, 'yar asalin Korat, wadda ta musulunta ta haifa mana 'ya'ya, ita ce ta haɗa hannu ta sunkuya tana ba mai kakin haƙuri tana ba mai furanni haƙuri har hawaye, ta biya kuɗin furen daga jakarta. Ta yi murna da wannan tafiya fiye da kowa, don karon farko kenan da dangin mijinta za su ga garinsu, har ta kira ƙanwar mahaifiyarta ta zo ta gaishe mu, matar ta zo da ledar mangwaro ta tarar da wannan. A hanyar dawowa ba ta yi magana da kowa ba. Har yau ba wanda ya je gidansu da sunan ƙungiya ya ce mata ki yi haƙuri, kuma tun daga ranar ba ta sake zuwa walimar mata ba. Ku ɗan kwatanta da kanku, ba na ce darajar ɗaya ce ba, Allah ya kiyaye, amma a ce baƙi sun zo Sakkwato an kai su Hubbaren Shehu, wani ya shiga da takalmi yana rawa ana ɗaukarsa a waya, a gaban surukarsu 'yar garin da ta kawo su. Me za mu ji?

Mu mun hau mota mun dawo Bankok, ɗalibanmu ne aka bari da garin. Su 'yan tsiraru ne, baƙar fata a Korat ana ganinsa daga nesa, mai shagon unguwa ya san su, mai ɗakin haya ya san su. Bidiyon ya ɗan zaga kafin a sauke shi, ɗaya daga cikinsu ya ce min abokan ajinsa sun nuna masa a waya sun tambaye shi ko 'yan'uwansa ne, ya rasa amsar da zai bayar. Yaron da ya sha wahala kafin ya samu mutunci a wurin, yana gaida kowa da yarensu, yana tsayawa cak in an saka taken ƙasa ƙarfe takwas na safe da shida na yamma, a yini ɗaya muka je muka zubar masa muka tafi.

Kuma dan Allah a daina ɗaukar abin kamar wasan yara ne kawai. Dokar laifuka ta ƙasar nan, sashe na 206, ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara bakwai ga wanda ya wulaƙanta wuri ko abin bautar wasu mutane. A 2017 an tsare wasu Amurkawa biyu a filin jirgi saboda hoton rashin kunya da suka ɗauka a Wat Arun, wurin bautar mabiya Buddha a Bankok, su da ke da fasfo mai ƙarfi kenan. Mu fa? Kowa a cikinmu ya san abin da ya sha kafin ya samu biza, da takardar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga 'yan Najeriya, da rahoton da baƙo ke kai wa hukumar shige da fice duk kwana 90, da yadda ake tare mutum a unguwar Nana ta Bankok a ce kawo fasfo ba tare da ya yi komai ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma mu garinmu dama ba a yi masa kyakkyawan zato. In aka kama yaro ɗaya a Korat ranar biki, ba sunansa za a rubuta a labarai ba, 'yan Afirka za a ce, kuma ku ɗin nan ne za a tasa tsakar dare neman lauya.

Kuka na gaba ya shafi addininmu, kuma Malam, da kai nake musamman, Allah ya gafarta Malam. Rashin bayanin nan bai tsaya ga masu wulaƙanta wurin ba, ya jefa wasu a ɗaya ɓangaren. Muna sauka masu talla suka kewaye mu da ɗaurin fure da kyandir da sandunan turare, da fara'arsu, suna nuna mana yadda ake yi. Wasu daga cikin matanmu, bayin Allah masu sallah da azumi, suka ɗauka al'adar gaisuwa ce kawai kamar yadda ake ajiye fure a kabarin soja, suka saya suka kunna suka durƙusa yadda suka ga ana yi don kar a ce sun yi rashin ladabi. Alhali a wurin masu garin roƙo ne. Suna zuwa neman cin jarrabawa da ƙarin girma da lafiya da haihuwa da sa'ar caca, su yi alwashi, in buƙata ta biya su dawo su ɗauki hayar mawaƙan gargajiyar Korat su yi mata waƙa, shi ya sa za ka ga 'yan dandamali a gefe ana ta waƙa ba wani mai sauraro, don ba don mutane ake yi ba. Da ɗalibin nan ya yi bayani, wata baiwar Allah jikinta ya hau rawa tana ta istigfari tana kuka, ta kwana ba ta runtsa ba. Haka batun ƙofar, mutanen garin na cewa in ka ratsa ta ƙarƙashin Ƙofar Chumphon sau ɗaya za ka dawo Korat, sau biyu za ka samu aiki a garin, sau uku za ka auri ɗan garin, direba ya faɗa cikin raha, 'yan matanmu suka yi ta zagayawa suna ƙirge. Wasu za su ce wasa ne. To amma ai abin da malami ya kamata ya yi magana a kai ne tun kafin a sauka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne addininmu ya riga ya share mana hanya a nan, ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Ba ma durƙusa wa kowa sai Allah, ba ma roƙon matacce, wannan ba sasanci a ciki. Kuma Allah da kansa a Suratul An'am aya ta 108 ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kar su rama da zagin Allah cikin jahilci. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi: mutum ya tsaya daga ƙasa da natsuwarsa, ya kalla, ya ji tarihi, in mai talla ta miƙo fure ya yi murmushi ya ce na gode ya wuce. Musulman ƙasar nan haka suke zaune da maƙwabtansu tun kaka da kakanni, ba su bar addininsu ba kuma ba sa tofa wa kowa yawu. Amma sai an faɗa wa mutum. Mace da ta zo sarin kaya daga Kano ko Maraɗi mako biyu da suka wuce, ta ina za ta san bambancin furen gaisuwa da furen alwashi?

Sai batun sallah da abinci, wannan ba zan ja shi ba don kowa ya ɗanɗana. Azahar ta same mu ba a tanadi wuri ba, maza suka yi a gefen mota kan kwalta mai zafi, mata muka riƙa neman lungu muna kare juna da mayafi. Abinci kuwa an ce kowa ya nema, a yankin da naman alade ke cikin kusan komai, hatta taliyar Korat ɗin da ake yabo sau da yawa da shi ake soya ta. Waɗanda suka iya cewa kar a sa alade da yaren ƙasar suka ɗan samu, sauran muka ƙare a 7-Eleven muna juya leda muna neman tambarin halal. Akwai mai ciwon suga a cikinmu, akwai masu goyo. Yanzu kuma ana so a koma a ƙarshen Maris, lokacin da zafi ke dosar digiri 40, cikin cunkoson biki.

Akwai wani abu kuma da nake ganin ba a lura da shi ba ko kaɗan. A hanyar dawowa samari suka mai da labarin abin dariya, ana ta cewa ashe da giya mata suka ci yaƙi, ashe 'yan Lawos ragwaye ne. A cikin motar akwai yarinyar da ke taya wata Hajiya aikin shago, 'yar Lawos ce, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan fiye da yadda ake zato. Shi Anouvong ɗin da ake kira ɗan tawaye a nan, a ƙasarsu gwarzo ne da ya nemi 'yanci, a 2010 suka kafa masa ƙaton mutum-mutumi a Biyantiyan a bakin kogin Mekong. Ƙarshen wannan yaƙi bai yi wa mutanensu daɗi ba, sojojin Bankok sun rushe birninsu, an kwashe jama'a an tsallako da su, shi kuma aka kawo shi Bankok a keji ya mutu a wulaƙance. Yawancin mutanen arewa maso gabashin ƙasar nan yarensu da na Lawos ɗan'uwan juna ne, su ne masu ɗinkinmu, masu ɗaure mana kaya, direbobin tasi da muke hawa kullum. Ciwo ne tsakanin 'yan'uwa, mu baƙi ba mu da hurumin sa baki da zolaya. Su kansu 'yan ƙasar abin bai zo musu da sauƙi ba: a tsakiyar shekarun 1990 wata mai bincike ta rubuta cewa siyasa ta taka rawa wajen ɗaukaka labarin, ganin an kafa mutum-mutumin ne watanni kaɗan bayan tawayen Yarima Boworadet na 1933 wanda sojojinsa da yawa daga Korat suka taso, mutanen garin suka fito zanga-zanga har sai da aka janye littafin daga kasuwa. 'Yar ƙasa kenan, mai ilimi, da hujjojinta. Ina ga ɗan kasuwa baƙo da ya buɗe baki da wasa a gaban wanda bai dace ba?

Na san akwai masu cewa ai maganin abin a soke zuwa irin waɗannan wurare gaba ɗaya, a riƙa kai mu bakin teku ko kanti kawai. Ni ban yarda ba, kuma matan da nake magana da yawunsu ba su yarda ba. Muna cin abinci a ƙasar nan, wasunmu sun haura shekara goma, 'ya'yanmu na makarantunsu suna karanta labarin matar nan a aji, abin kunya ne a ce ba mu san komai ba sai farashin yadi da kuɗin kago. Kuma gaskiya ni matar ta burge ni. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, an tasa ta a gaba da jama'arta kamar dabbobi, ba ta zauna tana kuka ba, ta yi amfani da abin da ke hannunta, wuƙar girki da haƙuri da dabara. Ko da masana sun yi saɓani a kan wasu sassan labarin, gari guda ya zaɓi ya tuna da mace a matsayin wadda ta tsaya masa, kuma ina so 'yata ta ga haka da idonta. Burgewa ba bauta ba ce. Abin da muke ƙi shi ne a sake kai mu ido rufe.

Wannan ya kawo ni kan yadda ake yanke shawara. Fiye da rabin motar nan mata ne da yara, mu ne muka fi biyan gudummawa a kan lokaci, ma'aji shaida ne, amma kwamitin tafiya babu mace ko ɗaya, babu ɗalibi ko ɗaya, kuma ba a tuntuɓi ko ɗaya daga cikin matan da suka fito daga yankin ba. Da an tambayi surukarmu tun farko da duk wannan bai faru ba, da bakinta za ta faɗa mana a tuɓe takalmi, kar a taɓa fure, kar a juya baya ana tsalle. Sannan har yau ba a karanto mana yadda aka kashe kuɗin wancan zuwan ba. Ba zargin kowa nake ba, wallahi, amma an ce akwai kuɗin ɗan jagora a ciki kuma ba mu ga ɗan jagora ba, to a faɗa mana ina ya shiga, hankalin kowa ya kwanta.

Don haka ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe. Kafin komai, a dakatar da karɓar kuɗi har sai an zauna. A tashi wakilai, dattijo ɗaya da Malam da mata biyu, su je gidan ɗan'uwanmu su ba matarsa haƙuri da sunan ƙungiya, a mayar mata da kuɗin da ta biya ko da kaɗan ne, kuma a kira ɗalibanmu na Korat a ji ta bakinsu ko suna ma so mu zo, don su ne za su zauna da sakamakon. A kira samarin da suka yi abin a yi musu faɗa a cikin gida irin na uba da ɗa, ba tozarci muke nema ba, amma su san an gani, kuma duk wanda bidiyon ke wayarsa har yanzu ya goge.

In an ga za a koma, a ɗage daga ranakun biki zuwa lokacin sanyi, Nuwamba ko Disamba, a tashi da asuba a isa kafin rana ta take. A ɗauki ɗaya daga cikin ɗalibanmu ko surukarmu a matsayin jagora, a biya shi haƙƙinsa yadda za a biya bare, ya yi bayani da Hausa a cikin mota tun kafin a isa. Malam ya yi nasiha a taƙaice kan abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, ɓangarorin biyu, ba ɗaya kawai ba. A faɗa a fili cewa ba hawa dakalin, ba rawa, ba taɓa kayan da mutane suka ajiye, hoto daga nesa cikin mutunci, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da zuwa wurin ba ya zauna a mota ko ya jira a inuwa, ba wanda zai ga laifinsa, ya fi ya sauko ya yi abin da zai ja mana magana. A tanadi wurin sallah tun daga Bankok ta hanyar ɗalibanmu da suka san garin, abinci kuma ku bar mana, mu mata za mu dafa mu zuba a kula in an ba mu kuɗin cefane. Tunda an yi nisan nan, a haɗa da Pak Thong Chai inda ake saƙar siliki da Dan Kwian garin masu tukwane, duk suna kusa, 'yan kasuwa ne mu, za mu ƙaru. Sannan a sa mata biyu da ɗalibi ɗaya a kwamitin tafiya daga yanzu, kuma ma'aji ya karanto lissafin wancan zuwan a taro mai zuwa.

Muna roƙon a ba mu amsa a taron wata mai kamawa, a gaban kowa. In an amince, sunayen matan da za su shiga kwamitin da na masu girki suna hannuna, kuma ɗalibin da ya yi mana bayani wancan karon ya ce a shirye yake. In kuma an tsaya kan tsohon tsari, to mun yi shawara a tsakaninmu cewa ba za mu biya ba kuma ba za mu tura 'ya'yanmu ba, gara mu faɗa muku yanzu da bakinmu da ku ji a bakin wasu.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya, ya yi muku jagora. Wassalam.

'Yarku, a madadin matan ƙungiya da ɗalibanmu na Korat